Kalmar da Ta Manta Ruwa

Na rubuta ta da alli: surround.
Yara arba'in da bakwai suka amsa, "sarawun,"
kamar sunan wata unguwa can bayan Kurna.
Na ce ma'anarta kewayewa.
Ganuwa ta kewaye birni.
'Yan kallo sun kewaye mai maganin basir a Ƙofar Wambai.
Ƙudaje sun kewaye tiren mangwaro.
Nazifi ya ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malam, bashi ma yana kewaye mutum?"
Na ce yana yi. Zauna.

Da dare na buɗe tsohon ƙamus
wanda gara ta cinye wa bango.
Ashe kalmar 'yar ruwa ce.
Kakarta a Latin igiyar ruwa ce mai haure gaɓa,
ta ratsa bakin Faransawa tana nufin ambaliya,
ta isa Ingila jiƙe sharkaf.
Can ta yi maƙwabtaka da wata mai nufin da'ira,
aka ga kama, aka ce ai dangi ne,
an manta kama da wane ba ta wane.
Ta shanya jikinta, ta koma zagaye,
kamar ɗan Kwari da ya yi kuɗi
ya daina amsa sunan ƙauyensu.

Daren Laraba hadari ya haɗo daga gabas.
Gidanmu a Ƙofar Ruwa kan kududdufi yake,
an cike shi da shara da ɓaraguzai
tun ban yi aure ba.
Mu mun manta.
Ruwa kuwa ya san gidansa.
Ya shigo ta kwata, ya shigo ta zaure,
ya ɓullo ta bayan murhu ba sallama.
Yahanasu ta ɗora buhun masara kan gado,
ta ɗora yara kan buhun.
Ni na tsaya riƙe da ƙamus bisa kaina,
silifas ɗina suna yawo a tsakar gida kamar agwagi.
Gabas ruwa, yamma ruwa,
kudu da arewa babu tudu.
Tsohuwar ma'ana da sabuwa
suka gaisa daidai gwiwata.

Da safe na shiga aji wando a naɗe.
Kalmar tana nan, ba wanda ya goge.
Bencin baya babu kowa.
Aka ce katangarsu Nazifi ta zauna,
suna can suna kwashe laka da kwano.
Na ɗauki alli, ya jiƙe, ya ƙi rubutu.