Ruwan Shunayya

Ƙarfe tara na dare a ɗakin gwaji,
janareto na tari a bayan taga.
Na daka kanumfarin gonar mahaifina,
na jiƙa shi kwana uku cikin itanol,
na tace, na sake tacewa,
har abin da ya rage bai cika cokali ba.

Mu a tsibirin Pemba shanya shi muka iya:
tabarma bayan tabarma a bakin hanya,
kore ya rine, ya koma launin ƙasa,
iska ta kwashi ƙamshin ta kai wa masunta a teku.
Ba wanda ya tambayi abin da ke cikinsa.
Kakata Mwatime, in haƙori ya hana jika barci,
ƙwaya ɗaya take cusawa a kogon,
ta ce rufe baki.

Ga kwalabe goma sha biyu a jere,
kowacce da ruwan shunayya mai yunwa,
dangin yunwar da ke cin ƙusa ta bar tsatsa,
ta lalata man kwakwa a tulu,
ta baƙanta ayabar da aka yanka aka manta.
Malamarmu ta ce haka take shiga jiki,
ba sallama.

Na ɗiga citta, shunayya ta ɗan sunkuya.
Na ɗiga kirfa, ta ja da baya.
Na ɗiga kanumfari,
kafin in mayar da murfi
ruwan ya koɗe, ya zama ruwan ɗorawa,
yunwa ta ƙoshi ta kwanta.

Na'ura ta ba ni lamba.
Na maimaita sau uku, ba ta sauya magana ba.
Yujinol ne mai aikin, in ji takardu.
Amma kwalba ba hanji ba ce,
ba jini ba ce, ba zuciyar tsoho ba.
Wannan ma na rubuta shi, can ƙasan shafi.

Da asuba na kira gida.
Baba Shaame na ɗaura igiya a ƙugu,
shekara sittin da ɗaya,
bishiya na jiransa da raɓa a reshe.
Na ce, Baba, naka ya fi sauran ƙarfi.
Ya yi shiru. Ina jin zakaran maƙwabta.
Can ya ce, Madalla, 'yata.
To kilo fa, ya tashi?

Na dubi yatsuna.
Na wanke su sau biyu da sabulu,
har yanzu ƙamshin rigarsa suke yi.