Takardar Arzika

Teburina ƙafa uku gare shi,
ta huɗun bulo ne na tokara.
Shekara sha tara ina gindin wannan bedi,
daura da ofishin gwamna a Tawa,
ina juya kukan mutane zuwa Faransanci.

Ran Litinin, washegarin kasuwa,
Arzika ya iso daga Tamaske,
warin albasa na gaba, shi yana biye.
Ruwan bara ya cinye madatsar fadamarsu.
Ya ce, rubuta wa mai gyara.
Na ce, wane ne shi?
Ya ce, da na sani da ban biya mota ba.

Na lissafa masa da yatsu:
magajin gari ya karanta, ya buga hatimi,
ya miƙa wa farfe, farfe ya turo nan,
nan a liƙe ta a ambulan, sai Yamai.
Ya ce, Yamai ta san Tamaske?
Na ce, ta san ta a taswira.

Sahabi direba na benci yana hura shayi,
shi da ke ƙetare Konni zuwa Sakkwato
kamar mai leƙa gidan maƙwabci.
Ya ce, can tarayya ake yi, baba.
Murhu ne mai duwatsu uku.
Na tsakiya ya riƙe soja da kuɗi da bakin iyaka.
Jiha na da gwamnanta da majalisarta,
ita ta zaɓe su, ba aiko mata aka yi ba.
Ƙaramar hukuma ta ji da kasuwa da shara.
Can sama ma an fasa goron:
masu doka ɗaki biyu, dattawa da wakilai,
shugaba ya zartar,
alƙalai su ja masa linzami in ya yi cikin shuka.
Wata ya mutu, a zauna a kasa kuɗi,
kowa ya ɗau kashinsa.

Idon Arzika ya yi haske.
Ya ce, ashe da can aka haife ni
da tuni albasata na shan ruwa.

Sahabi ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
Ya ce, akwai wani rami a hanyata,
taya biyar ya ci mini, ban da bakin ƙarfe.
Jiha ta ce titin na tarayya ne.
Tarayya ta ce ta ba ɗan kwangila.
Ƙaramar hukuma ta ce kashinta bai iso ba.
Yara ke cika shi da jar ƙasa,
mu jefa musu canji ta taga.

Arzika ya yi shiru
har aka kira azahar.
Sannan ya ce, to.
Naku rami ubansa uku,
tamu madatsa ubanta ɗaya, yana nesa,
ga su duka da kan maraya.

Ya kwance bakin zani, dala ɗari,
ya ɗora albasa uku a kai.
Ya ce, rubuta dai, kada a ce ba mu faɗa ba.
Amma ka hanzarta, malam,
jibi muna da gayyar ɗibar dutse,
jakina ma na aro ne.

Na soma da gaisuwar da ake yi wa minista.
Teburin ya karkata.
Na sa ƙafa na gyara bulon,
na ci gaba.