Tanderu na Uku

Mu biyar ne a rubuce,
haka takardar jikin ƙofa ta ce.
Amma in ƙarfe biyun dare ya yi a Porto,
ƙirga hannuwan da ke cikin ƙullu,
takwas za ka samu, ba goma ba.

Telmo na nan, ai bai taɓa fashi ba.
Rigarsa fara fat, ko ɗigon mai babu.
Yana jingine da buhun fulawa, waya a tafin hannu,
in an kira shi ya ce, "Ga ni nan zuwa,"
zuwan da har yau
ba mu ga ƙarshen hanyarsa ba.

Tanderu na uku nasa ne.
Sau biyu cikin mako burodin ya fito baƙi ƙirin.
Graciete ta kankare faranti, ni na sake kwaɓi,
tsoho Baltazar da ciwon kafaɗarsa
ya sungumi kwanduna shida da ba nasa ba,
ya haura matakala yana nishi.
Da asuba motar kaya ta tashi a kan kari.
Maigida Custódio ya leƙo daga sama,
ya ce, "Sannunku da ƙoƙari, dukanku."
Dukanku.
Kalmar ta tsaya mini a maƙogwaro
kamar ƙayar sardin.

Da, Graciete kan rera waƙar garinsu
tana murza ƙullu, har mu amsa mata.
Ban san daren da ta daina ba.
Na dai farga injin kwaɓi kaɗai ke magana.
Ondina mai zuwa da rabin awa a hannu
ta dafa mana kofi a tukunya ɗaya,
yanzu sai agogo ya cika take turo ƙofa,
kowa da kofinsa, kowa da kusurwarsa.

Sau ɗaya Baltazar ya hau bene da ƙorafi.
Aka ce masa, "A yi haƙuri, yaro ne, zai koya."
Wata tara ke nan yana koyo.
Ƙarshen wata albashi ya shigo,
nasa da nawa ba wanda ya ɗara wani ko da sisi.

An ce wake ɗaya ke ɓata gari.
Ni na ga yadda abin yake:
ba rana ɗaya yake yi ba,
kuma garin ma yana kallo,
yana koyon kwanciya.

Ban taɓa tambayarsa me ke damunsa ba.
Wataƙila akwai, wataƙila babu.
Gajiya ta cinye tambayar tun kafin ta fito.

Ga abin da ya hana ni barci yau.
Jiya, wajen ƙarfe huɗu,
ruwan sama na dukan taga,
na ga faranti uku na jiran wanki.
Shekara goma sha ɗaya ban bar wa safiya datti ba.
Na dube su.
Na dubi Telmo.
Na goge hannuna, na jingina da buhu.

Graciete ta ɗago kai ta gan ni.
Ba ta ce uffan ba.
Ta ajiye ƙullun da ke hannunta,
ita ma ta zauna.