Fitilu Huɗu a Cikin Akwati

Ƙarfe uku na dare a Trieste.
Iskar Bora tana dukan taga kamar mai bin bashi,
ni kuma ina gaban kwamfuta
da gahawar da ta huce tun ɗazu,
ina gadin akwati.

Akwatin lissafi ne, babu katako, babu ƙusa.
Abin da ya fita ta dama, ta hagu yake dawowa.
Mun zuba masa iskar gas,
da wancan abu mai nauyi da ido bai taɓa gani ba,
muka ce wa lokaci: ruga.
Wata bakwai injuna na gumi a Bologna
kafin zare ya fito, zare ya sarƙe zare,
a kan kowane ƙulli garin taurari ya tsiro,
a cibiyar gari baƙin rami ya wage baki.

Kwasar ake kiransa ranar da yake kwasar gara.
Yana haɗiya, leɓensa na ƙuna,
haskensa ya dushe na garin baki ɗaya.
In ya ƙoshi sai ya hure sauran da hucinsa,
ya kwanta, shekara miliyan nawa, babu ko tari.

Aikina ƙidaya.
Ɗai-ɗai suna nan birjik.
Bibbiyu, akan dace.
Uku a unguwa ɗaya sai an sha tono.
Huɗu fa? Mojca ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ce in na samo, kifin rana a wuyanta har bazara.

Yau ga su.
Huɗu, reras, kamar maɓallan riga.
Na miƙe, kujera ta kife,
babu wanda ya ji sai firjin da ke lungu.

Sai na juya akwatin a hankali,
yadda aka koya mini, yadda ba na so.
Na huɗun ya zame, ya yi baya, ya yi ta baya,
ashe ko maƙwabtaka ba su haɗa ba,
layin idona ne ya jera su.
Kallon kitse na yi wa rogo.

Saura uku. To, uku ma arziki ne.
Na tura lokaci gaba, taki ɗaya tak.
Biyu suka mutu ɗif.

Babana Tullio da fitila yake kamun kifi.
Ina ƙarama nakan tsaya a gaɓar Barcola cikin rigar sanyinsa
ina ƙirga jirage a baƙin ruwa,
inda suka yi cincirindo, nan sardin yake.
Wata safiya na ce masa, jiya ku biyar ne kawai.
Ya ci gaba da warware raga, bai ɗago ba.
Mu tara ne, Nerina.
Wanda ya kashe fitila bai bar teku ba,
janyo ragarsa yake.

Shekara ashirin da shida ke nan.
Hannunsa yanzu ba ya iya ƙulla igiya,
kuma har yau tambayarsa ɗaya:
wannan sama taki, ta gaske ce?
Nakan ce kwaikwayo ce, Baba,
muna auna ta da waccan da ke bisa rufinka,
in sun saɓa, mu ne da kuskure.

Na koma kan allo.
Na bar neman haske, na nemi nauyi.
Ga ramukan nan biyu inda na bar su, baki rufe,
ga wasu biyar a gefensu da ban taɓa ƙirgawa ba,
duk a ƙulli ɗaya, duk a kan zare ɗaya.
Ruwa ba ya tsami banza.

Bora ta gaji. Motar shara ta wuce ƙasa.
Na ɗaga kujera, na yagi takarda,
na liƙa wa Mojca a jikin allonta:
Huɗu, na daƙiƙa goma sha ɗaya.
Kifin yau ni zan biya.