Kwalbar Gwaggo Tambai

Wuta ta ɗauke tun hantsi,
fanka ta tsaya cak kamar an daka mata tsawa.
Dutsen Taka ya yi jawur,
har ƙadangaru sun sauka daga katanga.
Na ce yau sai na haɗa abin sha
ko da Kasala za ta narke.

Mangwaro uku daga lambun bakin Gash,
ɗaya ya nuna har yana hawaye a hannu.
Gwaiba biyu, na kwashe 'ya'yan da cokali.
Kuka kuwa tun asuba na jiƙa ta.
Nan gwangwales suke ce mata,
ni dai kukar da na sani ce,
wadda kakanmu ya baro a Haɗeja
ya zo ya tarar ta riga shi isowa.

Babu injin markaɗe, sai ɗan turmi
da rariyar da ta huje a gefe.
Na murje, na tace, na sake tacewa,
wani ƙuda na zagaye ni kamar mai karɓar haraji.

Sannan na jawo kwalbar.
Koriya ce, an toshe bakinta da tsumma,
shekara biyu tana bayan buhun dawa.
Jiƙon Gwaggo Tambai,
wanda ta dafa har ya yi kauri:
na'ana'a, citta, kanumfari, ɓawon lemun tsami,
zumar da ake kawowa daga Habasha,
da wani ganye mai ɗaci da ta ƙi faɗa mana sunansa.
"In na faɗa, me za ku zo nema wurina?"
Ba ta faɗa ba har aka kai ta.
Saura yatsa uku a gindin kwalbar.

Cokali ɗaya, haka takan ce, kar ka zarce,
ɗaci baƙo ne, ba mai gida ba.
Na zuba ɗaya. Hannuna ya yi rawa,
rabin na biyu ya bi shi.

Bilya na aika sayen ƙanƙara.
Ya dawo da guntu a ƙunshe cikin buhu,
rigarsa ta riga mu sha.
Na farfasa da ƙotar wuƙa.

Ohaj maƙwabcina ya leƙo,
mutumin da bai yarda akwai abin sha bayan gahawa ba.
Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya yi shiru,
can ya ce da Larabci:
"Farkonsa yaro, ƙarshensa tsoho."
Ya miƙo kofi a ƙara.

Ni a tsaye na sha nawa.
Zaƙin mangwaro ya fara sallama,
tsamin kuka na biye,
can a maƙogwaro ganyen nan ya toge
ya ƙi wucewa,
yadda takan toge a bakin ƙofa
sai ta ji ko mun ci abinci.
Na juya shi a harshe ina laluben sunansa.
Ba shuwaka ba ce, ba ɗoɗɗoya ba.
Bilya ya ce darbejiya ce.
Yaro dai yaro ne.

Bayan la'asar wuta ta dawo,
fanka ta kama aiki ba ko ban haƙuri.
Na mayar da tsumma, na ɗaga kwalbar ga haske:
yatsa biyu da ɗan wani abu.
Gobe zan shiga layin masu ganye a kasuwa,
in bi tabarma bayan tabarma ina taunawa,
su ɗauka ciwon ciki ne ya kawo ni.