Ƙwallon Dabino a Aljihu

Na dawo Deba ranar Laraba.
Motar Gombe ta sauke ni da jaka ɗaya
da bargo mai zanen damisa da na saya wa Hansatu a Sabha.
Yaran unguwa suka bi ni, oyoyo ɗan Libiya,
'yata Dudu ta ɓuya bayan turmi.
Wata bakwai ya isa yaro ya manta gemu.

Kowa tambayarsa ɗaya: nawa ka kawo?
Ba wanda ya ce in buɗe tafin hannu.
Ƙayar dabino tsawon yatsa gare ta,
tana shiga ta karye a ciki, ta kwana tana zogi.
Ga guda nan a gindin babban yatsana,
ta biyo ni har gida, ita ba a tambaye ta fasfo ba.

Gonar Alhaji Miftahu itace ɗari huɗu da sha ɗaya.
Na ƙirga, don dare ba shi da wani abin yi.
Mu shida a ɗakin injin ban ruwa:
ni, Gidado ɗan Kumo, 'yan Damagaram biyu,
wani Basudane mai tari,
da yaron Cadi da bai taɓa faɗin sunansa na yanka ba.
Kafin gari ya waye muna sama, igiya a ƙugu,
muna sauko da nonon dabino a hankali kamar jariri,
in ɗaya ya fashe a ƙasa, a aljihunka ya fashe.
Larabcin da na koya bai cika cokali ba:
yalla, in ana so ka yi sauri,
bukra, in ka tambayi kuɗinka.

Gidado bai dawo ba.
Ku bar salati, yana da rai.
Igiya ce ta ci amanarsa, ƙafa ta karye wuri biyu,
kuɗin ɗori ya haɗiye kuɗin mota.
Ya ba ni turmin atamfa in kai wa tsohuwarsa,
in ce mata ya samu ƙarin aiki.
Jiya na je Kumo na faɗa.
Bakina ta yi ta kallo, ba ta ko taɓa atamfar ba.

Daren farko muka baje kuɗin a tabarma.
Bappa Manga da ya ranta min na hanya ya kwashi nasa da riba,
mai shago ya turo littafinsa,
buhun masara biyu da aka ci bashi suka miƙo hannu.
Abin da ya rage: bandir ɗin kwano guda,
da tunkiya, in ba a tsawwala ba.

Kakannina rani suke ci a waje,
su dawo da hadarin farko, fartanya na jiransu.
Ni damina na ci.
Ina shayar da itacen wani a cikin yashi
ruwa na zuba kyauta a gonata ta hanyar Kuri.
Ƙanena Sambo ya nome rabi,
rabin kuwa ƙuduji ya yi sarauta, har da furanni.

Da Hansatu za ta wanke wandon tafiya
ta zazzage aljihu, ƙwallo uku suka faɗo.
Na binne su bayan makewayi, inda ruwa ke bi.
Ta ce, shekara bakwai fa, kafin ka ga ɗa,
kuma wa ya sani ko duk maza ne?

Ina durƙushe ina danna ƙasa
sai ga Dudu da ruwa a gwangwanin madara,
rabi ya zube mata a riga.
Ba ta ce Baba ba tukuna. Ta dai miƙo.

Waya na ruri a ɗaki tun ɗazu,
lambar nan mai tsawo, na san ta.
Bari in gama da wannan ramin.