Dagin Farol

Da dare nake jin sa a daɓen katako,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
kamar mai ƙirga kuɗin da ba nasa ba.
Matakala ɗari da goma sha bakwai ne
daga ƙofarmu zuwa bakin tekun Valparaíso.
Da can su ke goge masa farata.
Yanzu gwiwata ta ƙi, ƙugunsa ya ƙi,
mun bar wa yara sauka.

Herminia ce ke yanke masa.
Shekara tara ina karanta jarida a gefensu,
ban taɓa ɗaga kai na ga yadda take yi ba.
Da muka raka ta makwancinta,
na ɗauko almakashin daga aljihun tebur,
na danne Farol da gwiwa
yadda na saba danne buhu a tashar jiragen ruwa.
Na zarce.
Ɗigo uku na jini a katako,
da wata ƙara da har yau ban gama jin ta ba.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.
Wata biyu, in na taɓa aljihun nan
ko cokali zan ɗauka,
sai in hangi jelarsa tana shigewa ƙarƙashin gado.

Doña Ofelia, mai yi wa karnukan unguwa aski,
ba ta ko dubi karen ba, ni ta duba.
Ta ce, Baldomero, bashi ka ci,
kuma da tsaba ake biyan irinsa.

Sai na ajiye almakashin kusa da kwanonsa.
Kwana huɗu yana cin abinci da ido ɗaya.
Na biyar ya sansana, na ba shi cuku.
Na taɓa kafaɗa, cuku.
Gwiwar hannu, cuku.
Na zauna a ƙasa ina datse busasshiyar taliya,
ƙas, ƙas, kusa da kunnensa,
tsoho mai shekara saba'in da uku
yana yi wa taliya yankan farce.
Maƙwabciyata ta leƙo ta taga, ta ja labule.

Ranar da na riƙe dagin, ya fizge.
Hannuna ya so matsewa, tsohuwar ɗabi'a.
Ofelia ta ce in ya janye ka saki,
dagin da aka saka shi ke dawowa.
Na saki.
Muka zauna. Wani jirgi ya yi kuka can ƙasa.
Shayina ya huce.
Can sai na ji nauyi a tafina,
ɗumi, da kaushi, da ƙanshin ƙasa.

Farce ɗaya na yanke ran nan, bakinsa kawai,
bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na tashi na bar sauran goma sha bakwai.
Akwai gobe.
Wani goben ya ƙi, muka koma kafaɗa.

Lahadi Nélida ta zo da burodi.
Ta ga hannuwana kafin in kai su aljihu:
na hagu a yanke,
na dama, wanda karkarwa ta hana ni kaiwa gare shi,
ya yi zaƙo-zaƙo, har ɗaya ya tsage.
Sau uku a baya ta ce kawo, na ce bari.
Wannan karon ba ta ce komai ba.
Ta zauna a ƙasa, inda nake zama,
ta buɗe tafinta a kan gwiwa,
ta mai da ido ga teku.

Farol ya ɗora haɓa a ƙafata yana kallo.
Na daɗe.

Da ta gama da ɗan yatsan farko,
ta miƙa hannu cikin kwanon,
ta ba ni cuku.